Kogin da Ya Cika Ba a Yi Ruwa Ba

Akwai wani ƙauye can saman duwatsun Beira, nesa da birnin Lisbon, inda awaki suka fi mutane yawa. A ƙauyen nan akwai wata mata mai suna Custódia. Shekarunta sittin da tara, gajeriya ce, busasshiya kamar reshen zaitun. Tun da mijinta Anacleto ya rasu ba ta ƙara sa kaya mai launi ba. Baƙi ne daga ɗankwali har safa.

Cuku take yi da nonon awakinta, tana kaiwa kasuwa ran Laraba. In wani ya ce ya taya cukun Custódia ta rage masa, to ƙarya yake. Ita kuwa in ta zo saye, sai mai kaya ya yi gumi har ƙeya. A nan ni ban ga laifinta ba. Macen da ta binne miji, in ba ta tsaya da ƙafarta ba, kasuwa ɗanya za ta cinye ta. Inda ta kuskure guda ne: halin kasuwa ta ɗauko ta shigo da shi gida. Ba ta roƙon kowa ko gishiri, ba ta kuma son kowa ya roƙe ta.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanta da na Belmira, wata ƙatuwar mata mai ƙatuwar murya. Shekara goma sha ɗaya ba sa ga maciji. Asalin abin ban-ruwa ne. Rafi ɗaya ke shayar da lambunan ƙauyen, kowane gida da ranarsa da lokacinsa. Wata rana da rani Belmira ta kau da dutse ta juya ruwa zuwa kabejinta, saura rabin awa lokacin Custódia ya cika. Belmira ta ce agogonta ne ya yi gaba. Custódia ta ce ba agogo ba ne ya yi gaba, hali ne. Tun daga ranar, ko a coci suka haɗu kowacce sai ta mai da fuska wani bango daban.

To, kowace shekara ana ɗauko doguwar mota a kai tsofaffin ƙauye yawon buɗe ido na yini guda. Wannan shekarar aka ce Lisbon za a je. Custódia ba ta taɓa taka babban birnin ba. Da farko ta ce ba ta zuwa, wa zai bar awakinsa don kallon gini? Sai ta ji an ce Belmira ta sa sunanta.

Ta ce a ranta, "Ba dai a dawo ina jiyo labari ta kan katanga ba."

Ta sayi sabon takalmi saboda tafiyar. Ya ɗan matse ta, amma ta riga ta wana mai takalmin da ciniki har ya ɗaga hannu ya ce ta ɗauka ta tafi, don haka ba ta iya barinsa ba. Ta ce ai fata ce, za ta saki. Wayar da ɗanta ya aiko mata daga Faransa kuwa, ta naɗe a tsumma ta tura cikin tukunya, don an ce ɓarayin Lisbon suna zare wa mutum safa takalmi na ƙafarsa.

Gari na wayewa aka taru a bakin coci. Mai jan tafiyar shi ne Senhor Amílcar, wato Malam Amílcar, shugaban ƙauyen, mutum mai tumbi da son jawabi. Ya tsaya a ƙofar mota ya maimaita dokar da kowa ya sani. A ƙauyen nan ba a ƙirga mutane, sun ce dabba ake ƙirgawa. Wanda ka zauna kusa da shi a mota, shi ne maƙwabcinka na yinin. Duk inda aka tsaya, kafin mota ta tashi Amílcar zai ɗaga murya ya ce, "Kowa da maƙwabcinsa?" In aka amsa, shi ke nan, direba ya ja.

Custódia ce ta shigo ƙarshe da kwandonta a hannu. Kowa ya yi biyu-biyu. Kujera ɗaya ta rage a gaba, kusa da Belmira, don mijin Belmira ya tsaya wa tumaki.

Amílcar ya ce, "Ga wuri nan, Ti Custódia." Ti a wurinsu kamar a ce Inna ne.

Ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta wuce can ƙuryar baya, ta zauna a dogon benci ita kaɗai, ta ajiye kwandon gefenta.

"Haba Ti Custódia, wa zai zama maƙwabcinki a can?"

"Ni ba akuya ba ce da za a ɗaura wa igiya, Amílcar. Na yi maka wanka kana tsumman goyo. Ni ce maƙwabciyar kaina."

Aka yi dariya. Belmira ta ce, tana kallon taga, "Ka bar ta, ita da kwandon sun fi shiri." Amílcar ya girgiza kai ya zauna kusa da Belmira da kansa. Kujerun motar dogaye ne, in Custódia ta jingina ko ɗankwalinta ba a hangowa daga gaba.

Da hantsi suka shiga Lisbon. Aka fara da wata tsohuwar ganuwa ta kan tudu, aka hau ana haki, ana dafa gwiwa. Daga sama suka hango jajayen rufin gidaje har iya ganin ido, da kogin Tejo shimfiɗe kamar an zubar da madubi. Wani tsoho ya ce in aka ba shi wannan ruwan sati guda, dankalinsa sai ya kai kan jariri. Custódia ta ja tsaki ta ce ruwan banza ne, ba lambu ko ɗaya a bakinsa.

Aka gangaro ta lunguna masu duwatsu, aka matsa jikin bango taragon lantarki ya wuce yana ƙararrawa. A babban dandalin bakin kogi ta taya wani ɗankwali, ta sa mai shago ya sauko da kala goma, ta ce duk ba su kai na kasuwar Laraba ba, ta fita. Ta yi tsaki a coci, ta yi tsaki a mota, ta yi tsaki da aka nuna musu mutum-mutumin sarki a kan doki. Ta ce dokin ya fi mai shi kyau.

Abin da ba ta gaya wa kowa ba, takalmin nan cin ta yake kamar wuta. Dunduniyarta ta saɓule, yatsunta sun kumbura. Amma ta gwammace ƙafar ta guntule da a ce Belmira ta ga tana ɗingishi.

Rana ta take tsaka aka kai su unguwar Belém da ke bakin kogi. Aka leƙa wani babban coci, aka ɗau hoto a gaban wata hasumiya da ke tsaye a ruwa. Daga nan aka baje a lambu ƙarƙashin itatuwa, aka shimfiɗa ƙyallaye, kowa ya buɗe ƙunshinsa. Burodi, zaitun, gasasshiyar kaza, soyayyen kifi, ana miƙa wa juna. Amílcar ya ce kowa ya sha iskarsa, amma ƙarfe huɗu daidai mota za ta kama hanyar gida.

Custódia ba ta zauna ba. Ta ɗauki kwandonta ta bi bakin kogi, tana tafiya a miƙe har sai da ta tabbata ta ɓace musu. Sannan ta fara jan ƙafa. Ta wuce masu hoto, ta wuce masu keke, ta kai inda mutane suka yi ƙaranci. Can ta ga wata tsohuwar matakalar dutse ta gangara ƙasa, kuma a gindin katangar kogin ga yashi a fili, ruwa na lasar bakinsa a hankali.

A saman matakalar wani dattijo na zaune a kan bokiti yana kamun kifi da fatsa. Daga jin harshensa mutumin tsibiran Cabo Verde ne. Ta leƙa abin da ya kama.

"Na sayarwa ne?"

"A'a Dona, na miya ne." Dona kamar a ce uwargida ne.

"Gara haka, don ba mai saye."

Ya yi murmushi. Da ya ga ta sa ƙafa a matakala sai ya ce, "Dona, in za ki sauka kada ki yi nisa da nan. Ruwa ya juyo."

Ta ɗaga kai ta dubi sama. Tas take, ko gajimare ɗaya babu.

"An yi ruwa a tudu ne?"

"Ba ruwan sama ba. Teku ce ke turo shi, sau biyu kullum."

"Teku tana can inda take. Wannan kogi ne. Senhor, a bakin rafi aka yanke min cibiya. Kogi ba ya tashi sai sama ta zubar. Ka kula da fatsarka, in kula da ƙafata."

Ya ce, "To, ni dai na faɗa."

Ta sauka. Don kada ya riƙa kallonta, ta bi gindin katanga ta yi tafiya mai ɗan nisa, ta sha wata kwana. Bayan kwanar katangar ta yi ɗan lungu, yashin wurin ya fi tudu, ga wani faffaɗan dutse kamar an ajiye mata kujera. Ba mai ganinta daga ko'ina. Ta cire takalmin, ta taka zuwa bakin ruwa ta tsoma ƙafafunta, ta saki wata ajiyar zuciya tun daga cibiya. Ta dawo kan dutsen ta ci burodi da cukunta. Ta duba agogon marigayi mijinta da ke hannunta, ƙarfe biyu saura kaɗan. Ta jingina da kwando, ta ce bari ta ɗan runtse ido.

Sanyi ne ya tashe ta. Sanyi a ƙafa.

Ta buɗe ido ta ga ruwa na wasa da idon sawunta. Takalminta ɗaya na yawo can gaba kamar ɗan kwale-kwale. Yashin da ta tako babu shi. Daga bakin dutsen da take kai har kwanar katanga ruwa ne, launin ƙasa-ƙasa, yana tafiya. Kuma ba gangarawa yake ba. Sama yake yi, yana komawa inda ya fito.

Ta dubi sararin sama. Rana na nan fayau.

Ta ce wa kanta ba komai, matakala na nan bayan kwana. Ta ɗora kwando a ka, ta tattare siket ta shiga. Taku uku ruwa ya kai gwiwa. Taku biyar ya kai cinya, ƙasan kuma ba yashi ba ne yanzu, laka ce da duwatsu masu santsi. Tana isa kwanar ta ji kamar wani ƙato ya kama ƙafafunta yana ja. Ta zame, ta faɗi da gwiwa, ruwa ya shiga bakinta.

Gishiri ne.

Kogi mai gishiri! Ashe ruwan tekun da mai fatsa ya faɗa ne. Da rarrafe da dafa bango ta koma lungun, ta haye dutsen ta tsaya. Ita ba ta iya iyo ba. A ƙauyensu ba wanda ya iya, rafinsu ko da damina iyakarsa ƙugu.

Ta juya ta dubi katangar ko akwai wurin kamawa. Ta ninka tsayinta uku, sumul, gansakuka ta lulluɓe ta, ko farce ba ya kamawa. Wani tsohon zoben ƙarfe kawai ta gani a jiki daidai kafaɗarta, irin wanda ake ɗaure jirgi. Ta riƙe shi.

Sai idonta ya bi gansakukar nan zuwa sama. Kore ne, kore ne, har ya kai wani wuri ya tsaya cak a miƙe kamar an ja layi da zare. Daga nan zuwa sama dutsen busasshe ne fari.

Custódia ta san wannan layin. Kowace shekara rafi na barin irinsa a jikin gadar ƙauyensu, kuma ita ce mai nuna wa mutane ta ce ga inda ruwa ya kai. Layin nan ya fi kanta da kamu uku.

In ruwa ya kai can, zai rufe ta ruf.

Za ku ce nan take ta kwarma ihu. Ba ta yi ba. Ta buɗe baki, sai ta tuno yadda za a yi shekara ana ba da labarin a kasuwar Laraba, Custódia mai sanin ruwa an tsamo ta kamar kaza. Ta rufe bakin. Ta ce bari ta ga, wataƙila ya tsaya haka.

Ruwa ya rufe dutsen. Ya kama ƙwaurinta. Ta sa ido a wani tsagi na bango ta ce in bai wuce nan ba, to ya gama. Kafin ta kai ƙarshen addu'a ɗaya tsagin ya nutse.

"Jama'a," ta ce, ƙasa-ƙasa, kamar mai sallama a gidan suruki.

Ba amsa.

"Jama'a! Akwai mutum a nan! Senhor mai kifi!"

A sama jirgin ƙasa ya wuce da rugugi, motoci na ta gudu a titi. Muryarta ta bugi katanga ta faɗa ruwa. Tsuntsayen kogi ne kawai suka amsa, suna shawagi a kanta suna kuka kamar masu dariya. Ta yi ta kira har maƙogwaronta ya dushe. Can tsakiyar kogi wani jirgi ya wuce cike da mutane. Ta saki kwando da hannu ɗaya ta ɗaga musu. Wasu suka ɗago mata hannu su ma, suna murna.

Bayan jirgin ya wuce ne igiyar ruwansa ta iso. Ta ɗaga ta, ta maka ta da bango, ta sauke. Ba don zoben ba da ta tafi. Baƙin siket ɗinta ya sha ruwa ya yi nauyi kamar buhun gero, yana janta ƙasa.

Ruwa ya kai ƙugu. Ta murguɗa hannu ta dubi agogo. Huɗu da minti biyar.

A nan ne tsoro na gaske ya shige ta. Ta ga abin a idonta kamar tana wurin. Kowa ya hau, an cika ciki, ana hamma. Amílcar ya miƙe da tumbinsa ya ce, "Kowa da maƙwabcinsa?" Kowa ya dubi na gefensa ya ce, "E!" Direba ya ja. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sakaci. Kowa ya duba wanda aka ba shi. Ita ce ba a ba kowa ba, kuma da bakinta ta hana.

Sai sun isa ƙauye, kowa ya watse gidansa. Wataƙila sai gobe, in awaki sun dami unguwa da kuka, sannan wani zai ce, wai ina Custódia?

Ta ce, "Anacleto, ka gan ni." Haƙoranta na haɗuwa. "Ya Ubangiji, ba a nan ba. Ba a garin mutane ba, ba takalmi, ba wanda ya sani."

Ta yi kuka. Rabonta da kuka tun ranar da aka rufe shi, ranar ma sai da ta kulle ƙofa.

Ruwa ya kai ƙirji. Yatsunta sun ƙage a jikin zoben, ba ta ma jin su. Ta daina kira. Ta kafa goshi a gansakuka ta rufe ido.

"Custódia!"

Ta ɗauka kunnenta ne.

"Custódia! Ɗago kai, mai taurin kan tsiya!"

Ta ɗaga. Can saman katanga ga wata faffaɗar fuska ja wur, ɗankwali ya zame, gumi na zuba. Shekara goma sha ɗaya bakin nan bai kira sunanta ba.

Belmira ta juya baya ta kwarara murya. "Amílcar! Ga ta nan! Ku zo da gudu, ku bar tafiyar agwagwa! Senhor, igiyar!"

Kawuna suka fara leƙowa. Ga dattijon nan mai fatsa yana kwance igiyar da yake jawo manyan kifi da ita. Ya yi mata zarge ya zuro. Amílcar na ta ihu a waya yana kiran 'yan kwana-kwana.

Dattijon ya ce, "Dona, zura kanki da hannuwanki, ki sa ta a hammata!"

Hannunta ɗaya na kan zobe, ɗaya na dafe da kwando a ka.

Belmira ta ce, "Saki kwandon!"

"Na uwata ne!"

"Uwarki na kabari! So kike ki kai mata da kanki? Saki!"

Ta saki. Kwandon ya juya sau biyu ruwa ya tafi da shi. Ta zura kai da hannu ɗaya. Saura ɗayan, sai ta saki zoben kafin igiyar ta zauna. Ta dubi hannun, ta dubi ruwan da ke lasar wuyanta.

"Ba zan iya ba."

"Za ki iya!"

"Belmira, in na saki tafiya zai yi da ni. Ba zan iya ba."

Ba wanda ya taɓa jin wannan kalma a bakin Custódia.

Sai Belmira ta tattare siket ɗinta, ta ɗora ƙatuwar ƙafarta a kan katanga, ta zuro ta waje.

Amílcar ya ce, "Ti Belmira, kin haukace?"

"Sake ni!" Ta leƙo ƙasa. "Ki ji ni da kyau. In ba ki saki ƙarfen nan ba, sauka zan yi in ɓamɓare hannun da kaina. Kin san ni ma ban iya ruwa ba, kin kuma san nauyina. Mu tafi tare, ki je ki yi wa Allah bayani. Ɗaya!"

"Ke dai ba ki da hankali tun kina yarinya."

"Biyu!"

Custódia ta rufe ido ta buɗe yatsunta. Ruwa ya fizge ta daga kan dutsen, ƙafafunta suka tashi, ta nutse. Sai igiya ta ɗame a hammatarta. A sama tsofaffi takwas da direba da mai fatsa suka turje suka ja, kanta ya fito tana tari tana aman gishiri.

Ba su iya jawo ta sama ba. Dattijon ya ce bangon zai saɓule ta, igiyar kuma za ta iya karya mata haƙarƙari. Sai dai a riƙe ta haka, kai a waje, har taimako ya zo. Suka riƙe. Tana reto a jikin bango kamar guga a rijiya. Wani jirgin ya sake wucewa, igiyar ruwa ta rufe ta ruf, mata suka sa salati irin nasu suna kiran Maryamu. Ta sake fitowa.

Duk tsawon lokacin nan Belmira na kwance rub da ciki a kan katanga, bakinta bai tsaya ba.

"Dube ni! Kada ki rufe idon nan. Wa zai tatsi awakinki? Ni? Ko kusa! Buɗe ido, Custódia, ki zage ni in ji!"

"Bakinki... kamar ƙofar coci."

"Yauwa! Ƙara!"

Haka suka yi har 'yan kwana-kwana suka iso da tsani. Ɗaya ya sauka ya ɗaure ta a jikinsa ya hau da ita. Aka kwantar da ita a ƙasa, ba takalmi, ba ɗankwali, farin gashinta a waje, leɓɓanta sun yi shuɗi. Mata suka kewaye ta suka rufe ta da ƙyallayen da aka ci abinci a kai.

Amílcar ya durƙusa gefenta yana murza hularsa. "Ti Custódia, mun fa tafi. Na tambaya, aka amsa, muka tafi. Mun kusa hawa gada Ti Belmira ta ce a tsaya. Direba ya ce ba wurin tsayawa, ta ce za ta fasa gilashi. Da muka dawo ita ta bi bakin kogi tana tambayar duk wanda ta gani."

Mai fatsa ya ce, "Na ɗauka kin hau ta wata matakalar tun tuni, Dona. Sai ga wannan tana tambaya ko na ga wata 'yar tsohuwa cikin baƙi mai baƙar magana. Na ce, wadda ta girmi kogi?"

Custódia ta dube shi. Ta sunkuyar da kai. "Ka faɗa min, Senhor. Ka faɗa."

Ta juya ga Belmira, muryarta da ƙyar take fita. "Ya aka yi kika sani? Ba a ganina daga gaba."

Belmira tana matse mata gashi da gefen mayafinta, ba ta ko kalle ta ba. "Tun safe duk inda mota ta tashi sai kin ja tsaki daga baya. Wannan karon muka tashi, shiru. Na saurara, shiru. Kullum ina jin tarinki ta katanga, ina jin lokacin da kike buɗe wa awaki. Na san shirunki na fushi, na san na barci. Wannan ba ko ɗaya ba ne."

Motar asibiti ta zo. Wata ma'aikaciya ta ce Custódia ta sha ruwa, sanyi kuma ya shige ta, dole ta kwana a asibiti a duba ƙirjinta. Ta ce mutum ɗaya zai iya bin ta. Ta tambaya ko akwai ɗan uwanta a nan.

Custódia na kwance a kan gadon ɗaukar marasa lafiya ta bi fuskokin da kallo. Mutum arba'in, ba wanda ba ta taɓa gasa wa magana ba. Kowa da dabbobin da ke jiransa, ga hanya mai nisa. Wannan ya dubi ƙasa, wancan ya dubi agogo. Ba ta ga laifinsu ba. Ta buɗe baki za ta ce ba ta bukatar kowa, sai ta fasa. Tsoron kwana ita kaɗai a garin nan ya fi ƙarfin bakinta.

Ta ce, "Belmira." "Ki zo. Don Allah."

Belmira ta riga ta miƙa wa Amílcar jakarta. "Ka ce wa maigidana ya tatsi awakinta in ya gama da tumaki. Ka ce ni na ce." Ta kama ƙofa ta hau, motar ta ɗan lotsa.

Aka rufe ƙofa. Motar ta tashi da jiniya. Custódia ta laluba ƙarƙashin bargo ta kamo hannun Belmira da yatsun nan da suka ƙage a ƙarfe.

Can Belmira ta ce, "Kin fa matse min hannu."

"Na sani."

Ba ta saki ba, ita ma ba ta janye ba.

Darasi: Tsayawa da ƙafarka abu ne mai kyau, amma kada ka kai inda za ka ce kai ne maƙwabcin kanka, don ranar da ka ɓace ba wanda zai san an rasa ka. In ka je garin da ba naka ba, ɗan gari ya ce maka kul, to ka ji, sanin rafinku ba sanin kogin wasu ba ne. Wanda kuke gaba da shi kuma kada ka yanke masa hukunci duka, wataƙila shi kaɗai ne ke sauraren motsinka. Ku tura wa 'yan uwa da maƙwabta wannan labari, musamman wanda kuka daɗe ba ku gaisa ba.